Nisan New York da Singafo a jirgin sama, da awannin da ake yi

Malam, ka tambayi nisan da ke tsakanin filin jirgin JFK na New York da na Changi a Singafo, da kuma dalilin da tikiti ke nuna kusan awa 19.

Nisan ya kai kilomita 15,300 da 'yan kai. Jirgin fasinja kan yi gudun kilomita 900 a awa ɗaya, ka ga lissafi ya ba ka awa 17 ke nan. Ragowar lokacin yana tafiya ne a jiran layin tashi, da hawa sama, da sauka, da kaucewa sararin ƙasashen da ba a ratsawa.

Amma babban abin shi ne iska. Can sama inda jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Shi ya sa jirgin Singapore Airlines, ƙirar Airbus A350, in ya tashi daga Singafo yakan bi ta tekun Fasifik da Alaska, in kuwa zai dawo sau da yawa sai ya ratsa Atlantika da Turai. Hanyar ta fi tsawo, amma iskar na tura shi ta baya, man da yake sha ma ya ragu.

Don Allah kada ka cire lokacin tashi daga na sauka ka ce ka samu tsawon tafiya. Singafo tana gaban New York da awa 12, ko 13 a lokacin sanyi, kuma kowane lokaci a tikitin da agogon garinsa aka rubuta shi.