Liyafar shayi a tsakar gida: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Mu 12 ne a adashinmu, kuma duk wadda ta kwasa ita ke tara sauran a gidanta. Tawa kwasar ta faɗo cikin hunturu. Ina gani a waya ana shirya liyafar shayi mai jigo, komai launi ɗaya, ga kek ga kofuna na alfarma. Abin yana ba ni sha'awa, amma ba ni da obin, wutar lantarki kuma ba ta zama a garinmu. Yaya zan yi in fita kunya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a kwasar. Kwantar da hankalinki, babu abin da wannan liyafa ke bukata da ba ki da shi a rumbu ko a kasuwar garinku. Ita kanta al'adar shayin yamma da kike gani, a Ingila ta samo asali wajen 1840, lokacin da Anna, matar wani basarake mai sarautar Duke na Bedford, ta riƙa jin yunwa tsakanin abincin rana da na dare, sai ta sa a riƙa kawo mata shayi da burodi da man shanu, daga baya ta fara gayyatar ƙawayenta. Kin ga ashe ɗan abin taɓawa ne da hira bayan la'asar, kuma mu ba baƙin wannan ba ne.

Shawarata ita ce kada ki ɗora jigonki a kan launin labule da balan-balan, ki ɗora shi a kan amfanin gona guda ɗaya. Ke da kike Jigawa, riɗi ne ya fi kusa da hannunki, kuma cikin hunturu sabo ne, bai daɗe da barin gona ba. Sai ki ce wa matan, ranar kaza akwai shayin riɗi a gidana. Da an ji haka kowa ta san abin da za ta tarar, ke ma kin huta da tunanin me za ki dafa. Wadda ke biye da ke tana iya ɗaukar alkama ta yi alkaki da funkaso da gurasa, wata ta ɗauki gyaɗa, wata dabino irin na Dutse. Kafin adashin ya zagayo kun ci jigo 12 ba tare da an maimaita ba.

Kala uku sun isa: mai zaƙi, mai gishiri, da mai riƙe ciki. Mai zaƙin shi ne kantu, kuma tun kwana biyu kafin ranar za ki yi shi. Ki rege riɗin sosai, don tsakuwa ɗaya tak tana zubar da mutuncin faranti guda. Ki shanya ya bushe, ki soya shi a busasshen kasko kan wuta kaɗan-kaɗan, hannunki kada ya tsaya. Idan kika ji ya fara ƙara yana tsalle, ƙamshi ya tashi, ki sauke nan take, domin tsakanin soyuwa da ƙonewa ƙiftawar ido ce, kuma ƙonannen riɗi ɗaci gare shi. Ki narka sukari shi kaɗai har ya yi launin zuma, ki juye riɗin, ki gauraya da sauri, ki zube a tire da kika shafa wa mai, ki murza da kwalba. Ki yanka tun da ɗuminsa. In ya huce sai dai fasawa. Mai riƙe cikin kuwa gireba ce da aka barbaɗa wa riɗi, kuma ba sai da obin ba: tukunya mai kauri, yashi mai tsabta a ƙasanta, faranti a kai, garwashi kaɗan a ƙasa da kuma kan murfi. Ki fara gwada guda huɗu don ki gane zafin. Na gishirin shi kaɗai za ki yi a ranar, gurasa bandashe da ƙuli da albasa, ki ɗan yayyafa soyayyen riɗi a kai.

Yanzu shayin, wanda a nan ne aka fi yin kuskure. Mutum 12, kowa kofi biyu matsakaita, kina bukatar ruwa wajen lita 5. Ki ɗebi ruwa mai daɗin sha. In rijiyarku mai zartsi ce, ki aika a samo na wani wuri, don irin wannan ruwa yana dushe launin shayi ya bar wani yana-yana a samansa. Kayan ƙamshi ne ke son doguwar dahuwa: citta, kanumfari kaɗan, kirfa, su tafasa kamar minti 10 zuwa 15. Ganyen shayi kuwa ba ya son haka. Ki sauke tukunyar, ki zuba ganyen, kimanin ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi, da na'a-na'a, ki rufe minti 3 zuwa 5, ki tace a filas. Na taɓa barin ganye yana ta ɓararraka a kan murhu ranar wata walima don na tafi tarbar baƙi, da na dawo ya yi bauri, duk sukarin da na zuba bai gyara shi ba, dole na sake sabo mutane na jira. In kin samu ganyen Mambila, wanda ake nomawa a Kakara ta jihar Taraba, ki gwada shi, namu ne na gida.

Kada ki haɗa sukari da madara a tukunya. Ki ajiye su gefe kowa ta zuba daidai bakinta, don ana iya samun mai ciwon suga a cikin mata 12, kuma ba kowa ke son a san lalurarta ba. In madarar shanu za ki saya a ruga, ki tafasa ta tukuna. Mai juna biyu tana iya shan kofi ɗaya ko biyu, abin da likitoci ke so shi ne kada sinadarin kafeyin, wanda ake samu a shayi da kofi, ya wuce miligiram 200 a yini. Sai dai shayi yana rage wa jiki karɓar sinadarin ƙarfe, don haka mai shan maganin ƙarin jini ta ba da tazarar awa biyu tsakaninsu. Yara kuma ki ɗebar musu ruwan kayan ƙamshin tun kafin ki sa ganye, ki ƙara madara.

Kwalliya ba ta da wahala. Ki share tsakar gida ki yayyafa ruwa saboda ƙurar hunturu, ki shimfiɗa tabarmi inda iska ba ta bugawa, ki jera kantun a kan faifai, girebar a ƙwarya, ki sa turaren wuta. Kofuna ki ara a maƙwabta, ko da ba iri ɗaya ba ne. Kuɗin adashi da wata bukata kika tara shi, kada ki ƙarar da shi a tangaran da za ki yi amfani da shi sau ɗaya a shekara.

Tsakanin la'asar da magariba bai fi awa biyu da ɗan wani abu ba, shi ya sa nake so komai ya kammala kafin a kira sallah. Ki sa yarinya ɗaya ta kula da filas, ke kuma ki yi wanka ki zauna cikin baƙinki, don wurinki suka zo. Tun da safe ki ware kason maigida da na surukarki ki rufe, sannan ki ƙulla kantu bibbiyu a leda 11, kowa ta tafi da tsarabar yara.