Tsohon gem ɗinka lafiyarsa ƙalau, sabuwar talabijin ce ba ta jin yarensa

Tambaya:

Assalamu alaikum Masta. Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, shekaruna 41. Watan jiya muna kwashe kayan ɗakin Hajiyarmu za a sauya kwano, sai ga gem ɗinmu na yarinta a ƙasan adaka: baƙin nan mai bindiga da kaset ruwan ɗorawa, da kuma Sega Genesis da kawunmu ya aiko mana daga Amurka. Na jona baƙin a talabijin ɗina ta bango, ya kama, amma hoton dishi-dishi. In na danna, sai Mario ya yi shawara kafin ya yi tsalle. Bindigar kuwa, a gem ɗin harbin agwagwa, ko agwagwa ɗaya ba ta samu ba. Ɗana ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ne kuke ta ba mu labari?" Segan ban taɓa shi ba, adaftarsa ta ɓace. Injin ne ya tsufa, ko dama can haka abin yake, yarinta ce ta ƙawata mana shi? Kuma in sayi ɗan abin nan mai kama da filashi da ake cewa akwai gem dubu goma a ciki?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Da farko dai ka kyauta da ba ka taɓa Segan ba. Bar shi inda yake, za mu zo kansa.

Idonka bai yaudare ka ba, kuma injin bai mutu ba. Injin da ya kwana shekara ashirin da ɗoriya a adaka, aka jona shi ya kawo hoto da sauti, ai ya yi abin a yaba masa. Duk abubuwa ukun da ka lissafa tushensu ɗaya: an ƙera waɗannan gem ne domin tsohuwar talabijin mai doro, kai kuma ka kai su gaban ta bango.

Baƙin nan naka, in ban yi kuskure ba, irin wanda ake rubuta wa Terminator ne a jiki, ko wani ɗan'uwansa. Mu duka Nintendo muke kiransa a lokacin, amma kwaikwayo ne na Famicom, injin da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wanda ya shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Kaset ɗin ruwan ɗorawa mai haƙora 60 irin na Famicom ne, shi ya sa ba ya shiga NES na Amurka mai haƙora 72. Lambar nan da ake jerawa a jikin kaset, tara-tara har bakwai, wai yawan gem ɗin da ke ciki, kowa ya san ƙarshenta: gem 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, a sauya launin sama, a fara da kai daga mataki na uku, a ce sabo ne. Ba raina shi nake ba. Da ba don wannan kwaikwayon ba, da yaran Nima da Mamobi da Sabon Zango da yawa ba su taɓa riƙe hannun gem ba.

To, hoton da injin nan yake fitarwa ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye. Talabijin ɗin bango ta yanzu, in mai 4K ce, 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye. Ka ga an ɗauki hoton fasfo an ce ya cika bangon falo. Dole ta ja shi, ta cike gurbi da abin da ta ga dama, sai ya fito kamar an shafa masa man kaɗanya. Tsohuwar talabijin ba ta da wannan wahala. Haske ne take harbawa daga baya yana zana hoton layi-layi, gefen kowane ɗigo yana narkewa cikin na kusa da shi, kuma masu zana gem ɗin sun san da haka, da shi suka yi lissafi. In Segan ya tashi, ka duba ruwan da yake zubowa daga dutse a matakin farko na Sonic, na 1991. A talabijin mai doro, da wayar AV, ruwa za ka gani garai-garai, kana hango abin da ke bayansa. A ta bango, in hoton ya fito tas, sai ka ga ashe zane ne tsaye-tsaye kamar haƙoran matsefi. Talabijin ɗin ce take ƙarasa zanen. Saboda haka abin da ka gani kana yaro da gaske ya fi wanda ɗanka ya gani kyau.

Shawarar da Mario yake yi kafin tsalle ma daga nan take. Sabuwar talabijin ƙaramar kwamfuta ce. Hoto in ya shigo sai ta riƙe shi, ta fassara, ta gyara launi, ta goge, sannan ta nuna. A kallon fim ba wanda zai lura. A gem ɗin da ake tsallake rami da ƙiftawar ido kuwa, wannan ɗan jinkirin shi ne mutuwa. Yatsunka sun haddace lokacin tun kana firamare, talabijin ce take makara.

Bindigar ita ce ta fi ban sha'awa, kuma ita ce ba ta da magani a talabijin ɗin bango. Ba ta harba komai; ido ne a cikin bakinta mai ganin haske. Da ka ja kunama, injin yakan baƙanta fuskar talabijin gaba ɗaya na ɗan mitsitsin lokaci, nan take kuma ya saka farin akwati daidai inda agwagwar take. In idon bindigar ya ga baƙi sannan ya ga fari a kan lokaci, ka samu. Wannan walƙiyar da muke gani in an harba, ita ce. A talabijin ɗin bango, kafin farin akwatin ya bayyana injin ya riga ya gama dubawa ya ce ka kuskure, karen nan ya leƙo daga ciyawa yana maka dariya. Ko ka manna bakin bindigar a gilashi, yadda muke yi in babba ba ya kallo, ba za ta ci ba.

Maganin duka a wurina guda ne: nemi talabijin mai doro, inci 14 ko 21, mai ramin AV a baya ko a gaba. Da can Agbogbloshie, matattarar tsofaffin kayan wuta a Accra, ake dosa, amma tun da aka tashi wurin 'yan gwangwan a 2021 an warwatse, sai dai ka bi masu gyara na unguwa. Kusan kowane tsohon mai gyara yana da biyu ko uku a ƙarƙashin benci waɗanda masu su ba su dawo ɗauka ba. Ka tambayi tsofaffin gida ma, wata tana can an rufe ta da zane an ɗora kwanuka a kai. A kunna maka ita a gabanka, ka bari ta yi kamar rabin awa, ka duba ko launi yana rinjaya gefe guda ko hoton yana tsukewa. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka buɗe bayanta da kanka. Tana riƙe wuta mai ƙarfin gaske ko bayan an zare ta daga soket.

In ba wurin ajiye ta, ko uwargida ta ce ba a falonta ba, shiga saitin ta bangon ka kunna abin da suka rubuta Game Mode, ka mayar da faɗin hoton 4:3 don kada Mario ya zama gajere mai tumbi. Zai rage, ba zai warke ba. Ƙananan akwatunan nan masu arha da ake sayarwa a Tip Toe Lane, layin masu sayar da waya da kayan wuta a Circle, masu juya AV zuwa HDMI, hoto kawai suke kawowa, sau da yawa ma ƙara jinkirin suke yi. Akwai na kirki da aka yi musamman don tsofaffin gem, irin su RetroTINK da OSSC, sai dai kuɗinsu ya ninka na talabijin mai doro, kuma ko da su bindigar ba za ta yi aiki ba.

Yanzu Segan. Sunan Genesis kansa ya gaya maka na Amurka ne, can ne aka sa masa wannan suna a 1989. A Japan da Turai Mega Drive ake ce masa. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta Gana 230. Ɓatan adaftar nan wataƙila rahama ce, don da ka same ta ka cusa a bango kai tsaye, da ƙauri ka ji. Wani saurayi ya taɓa kawo min PlayStation na farko da yayansa ya sako masa a kaya daga Amurka. Ɗoki bai bar shi ya nemi taransifoma mai rage wuta ba, shi kuwa wannan injin kayan wutarsa a ciki suke. Ƙara ɗaya ya yi, hayaƙi ya biyo baya, tun kafin ya ga tambarin Sony.

Ba kowace adafta da bakinta ya shiga ce tasa ba. Dubi injin. In babba ne mai ramin abin sauraro na kunne a gaba da ɗan maɓallin ƙara murya da ake turawa, samfurin farko ne: yana son bolt 9 zuwa 10 na DC, amfiya 1.2, kuma tsakiyar bakin adaftar nagetif. In ƙarami ne mai kusan kusurwa huɗu daidai, samfuri na biyu ne, bakinsa ya fi siriri, tsakiyarsa kuma fozitif. Juya su kashe injin ne. Kada kuma wani ya ba ka adaftar NES ta asali ya ce ai duk gem ne. Ita AC take fitarwa. Ɗauki injin da kansa ka je da shi Circle, a karanta abin da ke rubuce a ƙasansa, a auna adaftar da mita kana tsaye. Sannan tsarin hotonsa NTSC ne, namu PAL. In talabijin mai doron da ka samu ba ta karɓar tsari biyu, zai fito fari da baƙi ko ya riƙa birgima, don haka ka tambaya tun wurin saye. Amma akwai riba a ciki: na Amurka hoto 60 yake bugawa a daƙiƙa, na Turai 50, shi ya sa gem da yawa a injinan da suka zo ta Ingila ko Jamus suke tafiya a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ku da kawu a Amurka, Sonic ɗinku ya fi na maƙwabta gudu, har kiɗan.

Kaset kuma, don Allah a daina hura masa iska. Na san duk mun yi, har da mai lasa. Abin da yake sa ya kama shi ne cirewa da mayarwa. Yawun kuwa tsatsa yake haifarwa, ga iskar Accra da ma cike take da danshi da gishirin teku. Sami sifirit mai ƙarfi, irin isopropyl da masu gyaran waya suke aiki da shi, ka jiƙa audugar kunne ka goge haƙoran har auduga ta daina baƙi, ka bari ya bushe. In hoto yana rawa ko sauti yana gurnani bayan haka, kafasitocin ciki ne suka gaji, aikin awa ɗaya ne wurin mai hannu. Ka shirya ganin gidan kyankyaso in an buɗe. Kuma da dumsor ya ɗauke wuta ka zare filogi, dawowarta ce take kisa.

Batun mai kama da filashi: in don ɗanka ya ɗanɗana ne, ba zan hana ka ba, amma ka san abin da kake saye. Ƙaramar kwamfuta ce take kwaikwayon tsofaffin injuna, gem ɗin ciki kwafe ne ba da izinin masu su ba, dubu goman kuma jikan tara-taran kaset ɗinka ne. Hannayensa marasa waya suna ƙara nasu jinkirin a kan na talabijin. Kamfanonin da kansu sun yi ƙanana masu HDMI: NES Classic a 2016 da gem 30, Mega Drive Mini a 2019 da gem 42. Suna da kyau, amma na jabu sun cika kasuwa, har kwalin sai ka rantse. Kai da kake da na ainihi a hannu, ban ga dalili ba.

Ɗanka kuwa, kada ka zaunar da shi ya kalle ka kana yi. Mu ma ba don kyan hoto muka riƙa ɓoye kuɗin koko ba, tun zamanin tsohon sidi kafin a yanke masa sifili huɗu a 2007. Benci ne, da yara goma a bayanka kowa yana ba da umarni, wanda aka ci ya miƙa hannu ya koma layi, a gidan gem a yi ta rigima kan wanda ya kai Roberto Carlos gaba a gem ɗin ƙwallon nan Winning Eleven. In talabijin mai doron ta samu, sa Contra, ba shi hannu na biyu. A allon farko danna sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, ka zaɓi mutum biyu da Select, sannan Start. Kowannenku zai tashi da rai 30, in ma kaset ɗin bai riga ya ba ku su ba. A mataki na uku, wurin hawan dutsen nan mai ruwa, in ka yi saurin hawa ka bar shi a ƙasa zai mutu, don haka ka jira shi. Ko kuma kada ka jira, tunda shi ya fara dariya.