Zane-zanen fari a ganyen tumatir: ƙudan taki ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina da garka a Mirriya, tumatir da wake duk ganyen ya cika da wani farin zane mai lanƙwasa kamar sawun maciji. An ce min ƙudan takin shanu ne ya jawo, in daina sa taki in fesa piya-piya. Na fesa sau 3 abin sai ƙaruwa yake, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, kar ka bar takinka. Gaskiya ne a dangin ƙudan kashi, Scathophagidae, akwai waɗanda tsutsarsu ke haƙa cikin ganye, kamar Hydromyza livens mai cin ganyen bado a Turai, amma na ƙasashen sanyi ne. Naka ɗan ƙaramin ƙuda ne baƙi da ɗigon rawaya, Liriomyza, babu ruwanshi da taki. Ɗaga ganyen ka duba a rana, ƙarshen zanen za ka ga 'yar tsutsa rawaya kwance tsakanin fatar sama da ta ƙasa.

To nan ne abin ke ci min rai wallahi, kullum sai na gamu da mai garka an saida mishi piya-piya cikin kwalbar da babu ko takarda, mai saidawa ya ce "ƙara murfi biyu". Tsutsar tana CIKIN ganye, ruwan da ka fesa a sama yake tsayawa, wanda kake kashewa su ne 'yan mitsi-mitsin zanzaro masu sa ƙwai a jikin tsutsar su kashe ma ita kyauta. Ka kashe masu gadi, ƙudan kuma cikin sati 2 zuwa 3 ya sake haihuwa, shi ya sa kake ganin ƙari. Sannan piya-piya sinadarin dichlorvos ne, guba ce mai shiga ta fata da numfashi, ga yaronka na riƙe da famfo ba safar hannu ba takunkumi, gobe kuma a tsinki tumatir a kai kasuwar Dole ta Damagaram mutane su ci. Haƙƙin mutane ne fa, za a tambaye mu.

Ka tsinke ganyen da ya lalace sosai ka ƙone, kar ka zubar gefen fangali don tsutsar a ƙasa take zama ƙuda. Rataya leda rawaya da ka shafa ma man giris don ƙudan ya manne, ka jiƙa dakakken ɗiyan bedi (dogon yaro) ya kwana ka tace ka fesa da marece duk sati. In dole sai magani, je wajen malamin gona ya nuna ma maganin da ke da lambar CSP, wato wanda hukumar tantance magungunan ƙwari ta ƙasashen Sahel ta amince da shi.