Yuriya ba ta ƙara wa gyaɗa mai

Malam, ka tambaya ko zuba wa gyaɗa takin yuriya zai ƙara mata mai. Don Allah kada ka yi asarar kuɗinka. Gyaɗa da kanta take samar da naitirojin, sinadarin da yuriya ke ba shuka. Tuge guda ka duba saiwar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle, su ke wannan aikin. In ka cika mata yuriya, harawa za ta yi, ƙwaya ta ragu.

Takin sufa take so tun ranar shuka, don yana ɗauke da fosfaros da kalsiyam da salfa, masu cika ƙwaya da taimaka wa mai. Hajiyar da ke matse mana mai a Kurna, murza ƙwaya kawai take yi ta gane wadda ta ƙoshi.