Tambayi Bakanike: Tiyo na yoyo, kilif ne ko tiyon ne?

Tambaya: Salam malam. Ina da Golf 3 ina lodi Gusau zuwa Zariya, kullum da safe sai na ƙara ruwa, kuma ina ganin wani fari-fari kamar kanwa a bakin tiyon lagireto na sama. Yaron gareji ya cire kilif ɗin da ke ɗaure tiyon, wanda ya zo da motar, ya sa mai sukuru ya ɗaure tamau, bayan sati ruwa ya dawo yana raguwa. Meye mafita? Daga wani direba a Gusau.

Amsa: Wa'alaikassalam direba, Allah ya tsare hanya. Wannan fari-farin ruwa ne ke tsattsafowa yana bushewa a wurin, wato yoyon na nan. Amma gaskiya yaron nan bai kyauta maka ba. Kilif ɗin kamfani, wanda ake matsewa da filaya, sifirin ne, roba ta kumbura da zafi ya buɗe, ta tsuke da sanyi ya bi ta ya matse. Mai sukuru kuwa inda aka ɗaure shi nan yake tsayawa, roba na lotsawa a ƙarƙashinsa sai ya saki, kuma in aka cika ɗaurewa yana yanka tiyon ko ya fasa bakin da tiyon ke zama, tunda na Golf 3 roba ne ba ƙarfe ba. Don haka a duba bakin nan da kyau, da wanda ke jikin kan injin, suna yawan tsagewa a motocin nan, mutum ya yi ta zargin tiyo alhali ba shi ba ne.

Da safe kafin ka tada mota ka matsa tiyon da hannu, musamman kusa da kilif. In ya yi laushi lugub, ko ya ƙandare yana ƙaras-ƙaras, ko ya kumbura, to ya gama aiki, ba ɗaurin da zai cece shi. In baƙin mai na zuba a kansa a gyara wannan tukuna don mai na cinye robar tiyon ruwa. Ka canja na sama da na ƙasa lokaci ɗaya tunda sa'annin juna ne, kuma ni dai ba na son tiyon Beljiyam, ya riga ya tsufa a can kafin ya iso kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka. A kankare bakin, a tura tiyon har ƙarshe, kilif ya zauna bayan ɗan tudun da ke jikin bakin, a zuba kulan, wato ruwan sanyaya injin, ba ruwan rijiya zalla ba, sannan a fitar da iska kafin a hau titi.

Kar dai ka buɗe murfin tankin ruwa injin na da zafi, ruwan ciki a matse yake, yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana buɗewa zai feso maka a fuska.

Tambaya: Tiyo ya fashe min a hanya na ɗaure da robar tib da waya, zan iya ci gaba a haka? Daga Maraɗi.

Amsa: Ya kai ka gari mafi kusa, a hankali, ido na kan allurar zafi, shi ke nan aikinsa. In ta fara hawa ka faka ka kashe, kuɗin tiyo bai kama ƙafar kuɗin gasket da gyaran kan injin da zafi ya lalata ba.