Layin waya a cike, rumfar zaɓe fayau: me shirina yake rasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gabatar da shirin kiran waya a wata tashar FM. Kullum layi a cike yake, ana kukan rashin ruwa, asibiti babu magani, makaranta babu rufi. Amma ranar zaɓen ƙananan hukumomi rumfuna fayau, taron unguwa ma ba a zuwa. Na fara jin kamar ɓata lokacina nake. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, abin da kika gani ba a garinku kaɗai yake ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

Matsalar tana cikin maganarki ta farko: cikar layi. Wannan ne ruɗin da ya fi cutar da gidajen rediyonmu. Manaja yana ƙirga kira saboda shi ke jawo talla, sai a ɗauka yawan kira shi ne shigar jama'a cikin harkar mulki. Ko kusa! Mutum ya kira, ya amayar da abin da ke ransa, ya ji sanyi, ya ɗauka ya sauke nauyi. Shugaban ƙaramar hukuma kuwa ya san gobe wani batun za a ɗauko, don haka ko gezau. Ki rubuta lambobin masu kira na wata guda ki duba. Za ki tarar muryoyi kaɗan ne ke juyawa, kusan duk maza, wasu ma katin wayar ubangidansu ne ya saya. Ki haɗa da filin sojojin baka, inda ake sayen minti goma sha biyar a ci mutuncin wane, gobe yaran wane su saya su rama. Darasin da mai sauraro ke ɗauka shi ne siyasa sana'a ce ta masu iyayen gida, shi ɗan kallo ne. Mafi muni, wani ya kira ya ce "ai an riga an rubuta sakamako", mai gabatarwa ta ce "Allah Ya kyauta" ta ɗauki kira na gaba. Da wannan shirun kin sallami dubban masu zaɓe da hannunki. Dole ki tare maganar nan take: ana ƙirga ƙuri'a a rumfa a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kuma rumfar da aka watse aka bari ita ce ta fi sauƙin murɗewa.

Gyaran shi ne kada koke ya tashi daga shirinki sai da sunan ofis, rana da wuri. Ki riƙe batu ɗaya na mako huɗu, misali asibitin matakin farko guda. Ki binciko ko yana cikin masu samun kuɗin asusun lafiya da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wa ke shugabantar kwamitin ci gaban mazaɓar, yaushe suke zama. Ki faɗi ranar zaman a farkon shiri, tsakiya da ƙarshe. In makaranta ce, kwamitin SBMC za ki nema, wato kwamitin iyaye, malamai da jama'ar unguwa mai kula da makarantar. Ki riƙa karanta kason da ƙaramar hukumar ta samu daga asusun tarayya duk wata, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa shi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, don haka ki tambayi shugaban a bainar jama'a nawa ya shigo hannunsa.

Sai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ki rubuta wa ofishin da abin ya shafa wasiƙa da tambaya takamaimiya, ki tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinki, domin in babu shi za a rantse ba a gan ta ba. Doka ta ba su kwana 7 su ba ki amsa. Za a ce miki "oga ya yi tafiya". Ki riƙa faɗin kwanakin da suka wuce a kowane shiri. Amma kada ki kira sunan mutum da sata in babu takarda a hannunki, tashar ce za ta shiga matsala da NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ko ta sha shari'ar ɓata suna.

Mata ba sa yawan kira, sai ki bi su da na'urar naɗar murya zuwa islamiyya da layin awo, ki buɗe lambar WhatsApp ta saƙon murya. Ki kuma bayyana cewa zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, amma katin INEC ɗin nan da ke aljihu shi ake amfani da shi. A mako na huɗu ki tura wakili wurin zaman kwamitin ya ƙirga waɗanda suka zo, ya tambaye su a ina suka ji sanarwa. Wannan adadin za ki kai wa manaja.