Amsa: Ko bayin Amurka sun bar rubutu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko cikin bayin da aka kai Amurka akwai wanda ya rubuta labarinsa da hannunsa. Akwai, har da Larabci ma. Umar bin Sa'id, malami daga Futa Toro ta Senegal, an sauke shi a Charleston a 1807. Da ya gudu aka kama shi, rubutun Larabcin da yake yi a bangon kurkuku ne ya ja hankalin mutane gare shi. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa, kuma da Tabaraka ya buɗe, surar da ke cewa mulki na Allah ne. A ganina da gangan ya zaɓe ta. Har ya rasu bai samu 'yanci ba. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya mallaki rubutun a 2017.